Jirgin Da Nata'ala Ya Ɓoye Wa Ruwa

Akwai wani tela da aka taɓa yi a Yola, sunansa Nata'ala, wanda ya sha gaya wa mutane cewa shi da kifi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ƙaya ce kawai ta raba su.

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas nake ba ku labari, lokacin da ko hatimi kake so sai an kai takarda Maiduguri. Ba a yi gadar Jimeta ba tukuna. Duk mai son tsallaka Binuwai sai ya bi masu fito.

Gidansu Nata'ala yana unguwar Makama a cikin Yola, shagonsa kuwa yana kasuwar Jimeta. Maganar Allah, a ɗinki ba a ja da shi. In ya zauna wa babbar riga ya yi mata aska takwas, ko maƙiyinsa sai ya tsaya ya kalla. Abu ɗaya ya tsana a duniya, ya ga zare yana reto a jikin tufa. Ko a sahun salla ya hango zare a rigar na gabansa, hannunsa ƙaiƙayi yake yi har liman ya sallame.

Amma bakinsa, jama'a, sai a hankali.

"Kakana Sarkin Ruwa ne a can ƙasar Yawuri," haka yake cewa yana taka keke. "Mu a gidanmu yaro yana iya iyo kafin ya iya rarrafe. Wannan Binuwan da kuke ta tsoro, a wurinmu ruwan alwala ne."

In masu fito suka ce to bisimilla, shigo mu tsallaka, sai ya ce kwale-kwale raini ne ga jikan sarki. In aka ce a je wanka kogi, sai mura ta kama shi nan take. Gaskiyar magana, ruwan da ya wuce idon sawu Nata'ala bai taɓa shigarsa ba.

Mutum ɗaya ya san haka sarai, wato Bobboyi dillalin shanu, ɗan Gogo Yelwa, ƙanwar uban Nata'ala. Kun ga taubasai ke nan. Shi Bobboyi maimakon ya tona, sai ya riƙa zuba wa wutar kananzir. Daga nesa zai ɗaga sanda ya ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa! Ya kada, ya dorina?" Nata'ala ya gyara hula ya ce, "Suna gaishe ka."

To, a bakin fito akwai wata bazawara mai soya kifi, sunanta Kaltume. 'Yar masu ruwa ce gaba da baya, wanta Bakari ma fito yake yi. Mace ce mai fara'a, amma ba ta da kwana-kwana a magana.

Nata'ala kuwa matarsa ta rasu da jimawa, gida ya yi masa faɗi. Kullum in ya rufe shago sai ya gangara bakin fito ya sayi kifi. Shi fa tun yana yaro ƙaya ta taɓa maƙale masa a wuya, tsoron kifi yake ji. Bobboyi ke cinyewa, har wuyansa ya yi kauri a soyayyar wani.

Wata rana da la'asar ya daure ya faɗa mata abin da ke ransa. Kaltume ta juya kifinta a cikin mai, ta dube shi.

"Malam Nata'ala, kullum kai ɗan ruwa ne, amma ban taɓa ganin ƙafarka ta jiƙe ba. Dada, tsohuwarmu, tana tsallake, ita ce uwata ita ce ubana. Ranar da ka ɗauke ni da hannunka ka tsallakar da ni ka gaishe ta, washegari ka turo manya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In kuma ba za ka iya ba, ka faɗa yanzu. Ba laifi ba ne."

Nata'ala ya juya. Ya dubi kogin, ya ga tsallaken kamar wata ƙasa. Ya waiga ya ga masu fito sun kasa kunne, Bobboyi ya tsayar da tauna.

"Ni?" in ji shi. "Jirgin da ya dace da ke kawai nake jira."

Kamar da bakinsa aka rubuta. Bayan ruwa ya fara ja, sai ga Bobboyi ya faɗo shago yana haki. Wani Baturen kamfani da ke sayen gyaɗa zai koma ƙasarsu, yana neman mai sayen ɗan jirginsa. Jirgin katako ne, an jera falankai an haɗa, da doguwar sanda a tsakiya. A jikin sandar ake ɗaura wani babban farin ƙyalle, iska ta bugo shi ta tura jirgin, ba inji ba filafili.

"Ka ga jirgin sarauta," in ji Bobboyi. "Iska ce baiwarka, kai sai zama."

Wannan ta zauna wa Nata'ala. In dai iska ce za ta yi aikin, shi me ya rage masa? Ya sayar da tsohon kekensa na ɗinki da tumaki, ya saya.

Ranar da za a miƙa jirgin, Bature ya tsaya yana ta bayani. Ya nuna ruwa, ya nuna cikin jirgi, ya shafa tsakanin falankai da yatsa, ya sake nuna ruwa. Turanci yake ta zubawa kamar ruwan Agusta. Nata'ala yana ta gyaɗa kai.

"Yes sa. Yes sa. I sabi am well well."

Da Bature ya tafi, Bobboyi ya ce, "Me ya ce?"

"Cewa ya yi in kula da shi."

To, a nan ne ilimin tela ya motsa. Nata'ala ya zauna ya yi tunani. Duk abu mai daraja da ya sani a duniya, ruwa ne ke ɓata shi. Shadda ruwa ke ɓata ta. Takalmin fata, ruwa. Ƙofar gida ma ruwa ne ke ruɓar da ita. Ashe wauta ce a bar dukiya irin wannan ta kwana a kogi.

Ya ɗauko amalanken shanu da majiya ƙarfi. Ana cikin ɗora jirgin sai ga Bakari, wan Kaltume, da gorar fito a kafaɗa.

"Malam, ina za a kai shi? Ka bar shi nan kusa da nawa mana, in riƙa duba maka."

Nata'ala ya yi murmushin manya. "Bakari, wannan ba irin kututturen da kuke fafewa ba ne. Jirgin asali ne. Kowane da irin renonsa."

Bakari ya dubi jirgi, ya dubi shanu, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Haka jirgi ya bar kogi ya kama hanyar Yola a bayan shanu, mutane suna fitowa daga shaguna suna kallo. Sai da aka fasa gefen katanga kafin ya shiga gida. Gogo Yelwa, wadda ke zaune a gidan tun bayan rasuwar mijinta, ta fito da tasbaha a hannu. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka duk maganarta kamar kiran salla take.

"Wannan kwamin na shanun wa ne?"

"Jirgi ne, Gogo!"

"To ina ruwan?"

"Ruwan muke ɓoye masa!"

Ta ce Allah ya shirya, ta koma ɗaki.

Da farko rumfa ya yi masa. Da ya danna katakon da farce ya ji danshi, sai ya yaye rumfar ya bar shi a rana. Kun dai san zafin bazarar Yola, wanda ƙadangare ma sai ya nemi inuwa. Safe da yamma Nata'ala yana goge jirgi da tsumma. Ya zuba masa kafur a kowace kusurwa saboda asu. In hadari ya taso ko na wasa ne, ya baro shago a guje ya lulluɓe shi da tabarmi.

Ƙyallen kuwa ya ga gata. Aka wanke shi, aka sa masa shuni, aka ba shi sitaci har sau ba adadi, aka kai wa masu bugu. Sannan ya shimfiɗa shi ya yi masa aska takwas da zaren alharini, da tambari a tsakiya. Duk wanda ya gani sai ya ce tubarkalla.

Ana nan, rana tana aikinta. Falankai suka bushe suka tsuke, tsakaninsu ya fara buɗewa. Wata safiya Nata'ala ya sunkuya zai yi goge-gogensa, sai ya ga abin da ya tayar masa da tsigar jiki. Zare! Wata murɗaɗɗiyar auduga mai baƙin kwalta tana leƙowa daga tsakanin katako, tana reto.

Ya ja. Ta biyo shi. Ya sake ja, ta sake biyowa.

"Innalillahi! Bobboyi, zo ka ga ha'inci. Bature da iliminsa, ashe tsumma suka cusa a ciki. Ko almajirin tela ba zai bar wa mutum aiki haka ba."

Ku da kuka san jirgi kun riga kun dafe kai. Wannan audugar ita ce ran jirgin. Da gangan ake dandanna ta a tsakanin falankai, in katako ya sha ruwa ya kumbura sai ya matse ta, ko ɗigo ba ya shiga. Amma wa zai gaya wa jikan Sarkin Ruwa?

Ya ɗauko basilla da almakashi. Ya rufe shago, ya bi jirgin layi layi, daga hanci har gindi. Bai bar ko silin zare ba. Da ya gama ya ja da baya ya dube shi, ransa ya yi fari.

Bobboyi ya tsuguna ya kanne ido ɗaya. "Sarkin Ruwa, ni dai saniya na sani. Amma ga shi daga nan ina hango kajin Gogo ta cikin jirginka."

"Jirgin iska ne, Bobboyi. In bai sha iska ba me zai sha?"

Ya sayo fenti kore da fari ya shafe ko'ina. Fenti ya yi 'yar fata a kan ramukan, ido ba ya gani. Shi ke nan, a wurinsa magana ta ƙare.

Labari dai ba ya ɓuya a Jimeta. Wata rana ya je sayen kifi, Kaltume ta rage murya.

"Na ji jirginka yana cikin gari yana shan rana. Hamma Bakari ya ce jirgin katako in ya bushe baki yake buɗewa."

"A Yawuri haka muke yi."

Ta kwashe kifi daga mai. Can ta ce, "Malam Nata'ala, Hamma zai iya zuwa ya duba maka. Ba wanda zai ji. Ni ma ba zan tambaye shi abin da ya gani ba."

Wallahi a wannan lokacin zuciyarsa ta ce masa karɓi. Ya tuna yadda hasken rana ke ratsa jirgin kafin ya shafa fenti. Har ya buɗe baki. Sai Bobboyi ya yi gyaran murya a bayansa, bakinsa cike da tarwaɗa.

"A'a, Adda Kaltume, yau kuma kifi ake koya wa iyo?"

Masu fito suka yi dariya. Nata'ala ma ya yi dariya, har ya fi su.

"Ki gaya wa Bakari ya tanadi ido kawai. Ruwa na kawowa za ki ga aiki."

Kaltume ta ƙunshe kifinsa ta miƙa masa.

Damina ta sauka, Binuwai ya cika ya batse, jiragen kamfani suka fara isowa. Nata'ala ya sa rana. Bai bar kowa ba, teloli, 'yan koli, mahauta, har masu unguwa ya aika wa goro. Ya ɗauko mai kalangu. Gogo Yelwa ma ta ce ba za a ba ta labari ba, aka ɗora ta a amalanke tare da jirgin, tana rungume da wani sabon matashin kai.

Da hantsi bakin fito ya cika maƙil. Nata'ala ya sha babbar riga da hula zanna, da takalmi sau ciki. Mai kalangu yana biye da shi yana cewa, "Jikan Sarkin Ruwa! Kada ya gan ka ya yi gaisuwa!"

Aka sauke jirgi. Bakari ya ɗaga gefensa da hannu ɗaya, ya ji shi sakayau kamar ƙwarya. Ya matso kusa da kunnen Nata'ala.

"Malam, ka bar shi ya kwana biyu a ruwa ya sha tukuna. A ɗaga tafiyar nan."

"In ɗaga? Ka ga jama'ar nan kuwa?"

Kaltume ta iso da kwanon kifi na tsarabar Dada. Ta dubi jirgin, ta dubi wanta. Ta cire takalmanta ta ɗora a kan kwanon, ta ɗora kwanon a ka, sannan ta shiga ta zauna. Bakari ya kwance kwale-kwalensa ya tsaya kusa.

Nata'ala ya yi bisimilla a fili, ya yi wasu addu'o'i da yawa a ɓoye, ya taka. Jirgi ya yi lilo. Ya cafke sandar tsakiya da hannu biyu.

"Gaisuwa muke yi, ni da shi," ya ce wa jama'a.

Sai batun ƙyalle. Sitaci ya sa ya sandare kamar ƙyauren ƙofa. Nata'ala ya ja igiya, ƙyalle ya ƙi. Ya ja da ƙarfi, sai ji kake ƙaƙas, ya buɗe. Aska takwas ta bayyana a sararin sama tana ƙyalli. Jama'a suka ɗauki sowa. Wani tsoho ya ce, "Kai! Wannan rigar ta wane ƙato ce?"

Iska ta bugo, jirgi ya motsa. Wallahi ya motsa! Nata'ala ya ji kansa ya yi girma har hula ta matse shi. Ya saki hannu ɗaya yana ɗaga wa mutane.

Sai ya ji sanyi a cikin takalmi.

Ya duba ƙasa. Fatar fentin nan ta fashe, ruwa yana tsartuwa ta kowane layi, kamar an tsoma rariya a randa.

"Malam Nata'ala," in ji Kaltume, "ruwa."

"Zufa ce. Ya daɗe bai yi aiki ba."

Ruwa ya rufe idon sawu. Nata'ala ya cire hula ya fara kwarfa da ita. Yana zubar da hula ɗaya, goma na shigowa. Bakari ya matso da kwale-kwale ya leƙa, ya ga kogi ta tsakanin falankai. Ya ɗaga murya.

"Malam! Ina audugar da ke tsakanin katakon nan?"

Nata'ala ya yi kamar bai ji ba. Amma a bakin gaɓa Gogo ta ga ana nuna jirgi, ta tambayi Bobboyi me ake nema. Shi kuwa ya sa baki a kunnenta ya faɗa mata da iyakar ƙarfinsa.

"Auduga?" in ji Gogo, muryarta har tsallake. Ta ɗaga matashinta sama. "Ga ta nan! Shi ya tsince ta tas da basilla, yaron kirki. Na ce ba za a yi asara ba, na yi matashi. Sai dai warin kwalta!"

Bakin fito ya kece da dariya. Wani mai fito ya faɗi a cikin jirginsa yana shure-shure.

Ruwa ya kai gwiwa. Kaltume ta miƙe a natse, kwano a ka, ta taka zuwa kwale-kwalen wanta. Ko kifi ɗaya bai jiƙe ba.

Nata'ala ya ga an bar shi shi kaɗai. Ya rungume sanda ya fara hawa kamar mai ɗiban giginya, babbar riga tana jan sa ƙasa. Ƙyalle ya jiƙe, sitaci ya narke yana zubo masa a ka kamar koko.

"Bakari! Hamma Bakari! Don girman Allah! Ban iya iyo ba!"

Mai kalangu dai an riga an biya shi, bai ga dalilin tsayawa ba. "Jikan Sarkin Ruwa! Ruwa gidanku ne!"

Gogo ta ja rigar Bobboyi. "Wa ake wa kirari?"

"Nata'ala! Wai kakansa Sarkin Ruwa ne a Yawuri!"

"Wane Sarkin Ruwa? Ubana ne fa! Marini ne, daga Zariya ya zo. Ruwan da ya sani na karofi ne, shi ma da sanda yake taɓa shi. Yawuri kuma ina ne?"

A nan mai kalangu ya ajiye makaɗi, don dariya ta hana shi riƙewa.

Bakari ya kamo wuyan babbar riga ya jawo shi cikin kwale-kwale kamar an kama giwan ruwa, ya kai shi gaɓa ya sauke. Jirgi ya zauna a ƙasan kogi, kan sanda kawai ake gani.

Nata'ala ya tsaya a gaban teloli da mahauta da masu unguwa, takalmi ƙafa ɗaya, sitaci yana ɗiga daga gemunsa. Kaltume ta dube shi daga cikin kwale-kwale. Ita kaɗai ce ba ta dariya.

"Malam Nata'ala, ni ba ɗan ruwa nake nema ba. 'Yan ruwa mun cika gida da su. Miji nake nema, wanda in bai sani ba zai ce bai sani ba. Da ka faɗa, da ni zan tuƙa ka har gaban Dada."

Ta juya. "Hamma, mu je, tana jira."

Bakari ya kafa gora ya tura. Nata'ala ya ga da gaske tafiya suke. Ya biyo gaɓa yana ɗingishi, ya haɗa hannu a baki.

"Kaltume! To manyan fa? In turo su?"

Ba ta ko waigo ba.

"Turo su," in ji ta. "Su zo su tsamo maka jirgi."

Darasi: "Ban sani ba" ba ta taɓa nutsar da kowa ba, "na sani" ta ƙarya ce ke kai mutum ƙasan kogi. Gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka zama gwani a ta wani, kuma in mai ƙaunarka ya ba ka hanyar fita a asirce, ka bi ta tun kafin jama'a su taru. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wancan abokin naku da ya san komai, kun dai san shi.